Ka Bar Kaset ɗin Ya Kai Ƙarshe

Sabon Tasha, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Habila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin jirgin ƙasa har yanzu, ko ka riga ka sauka Legas a hannun kawunka. Allah ya tsare hanya, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Babanka yana gaishe ka. Ka san shi da tsumulmular magana. Ya ce a gaya maka ka riƙe aikin walda da kyau, kuma kada ka kalli wutar ba gilashi.

Labarin gida babu sabo, yadda ka bar mu haka muke. Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun makarantar mishan, shi ne abin da na gani a jakarka. Ina cusa maka garin rogo da yaji da ƙuli-ƙuli sai hannuna ya taɓa wani abu mai tauri a cikin safa. Tun kafin in fito da shi na san ko mene ne. Kaset ɗin yayanka Ishaya ne, wanda ya yi waƙarsa a ciki. Kada gabanka ya faɗi, ban cire ba, takardar nan kawai na ƙara a gefensa. Gaba in za ka ɓoye wa uwarka abu, ka nemi wuri ban da safar da ita ta wanke.

Kwanakin baya da nake maka faɗa a kan Legas da 'yan iskanta, ka gaya mini maganar da ta hana ni sukuni. Ka ce, "Mama, Ishaya ya san zai mutu, ya faɗa a waƙa, kuma bai ji tsoro ba. Namiji ke nan." Na ci gaba da tuƙin tuwo, don na san in na buɗe baki kuka ne zai fito. Amma ba zan bar ka ka shiga garin mutane da wannan fassarar a kanka ba. Na binne ɗa guda, kai kaɗai ka rage mini, kuma ina so ka dawo gidan nan da ƙafarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zan gaya maka inda na yi kuskure a kan waƙar nan, da abin da na gane take nufi bayan lokaci ya ƙure.

Kana ƙarami sa'ad da masaƙar Kakuri ta sallami babanka tare da sauran ma'aikata, ba lallai ka tuna yadda gidan ya koma ba. Ni na kama sayar da tuwo da shinkafa a ƙofar wani kamfani a Kudenda. Ishaya ya ajiye makaranta ya shiga tasha, ya zama kwandasta, yana lilo a ƙofar bas tun safe har yamma. A lokacin ne abokinsa Sunday, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a Barnawa, ya ara masa kaset ɗin da aka aiko masa daga Amurka, na waƙar nan da kuke kira rap. Ni da na fara ji na ɗauka faɗa ake yi a rediyo. Mutum yana ta zuba magana ba numfashi kamar ɗan gambara a kasuwa, ganga kuma tana bugawa wuri ɗaya kamar ana daka. Na yi masa ba'a son raina. Na ce in wannan ma waƙa ce, to ni da nake faɗa da masu cin tuwona kullum na daɗe da zama mawaƙiya.

Wata yamma ina tsince tsakuwa a shinkafar gobe, ya zo ya zauna kusa da ni da rediyon a cinyarsa. Ya rage ƙara, ya ce, "Mama, kin san abin da mutumin nan yake faɗa kuwa?" Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce ba ni da lokacin surutun mashaya, ya kashe kafin ya cinye mana batir. Ya yi ɗan murmushi ya ɗauki rediyonsa ya fita, bai sake tambayata ba.

Kuskurena na fari ke nan. Yaron ba jarrabawar Turanci yake mini ba. Yana da magana a cikinsa, ya rasa ta inda zai fara, sai ya aro bakin wani. Habila, duk ranar da mutum ya zo ya ce maka, ka san abin da kaza yake nufi, ka ajiye abin da ke hannunka ka ce masa a'a, gaya mini. Shinkafa ba ta guduwa. Kai ma in abu ya cika maka ciki a Legas, kada ka tsaya kewaye-kewaye irin na yayanka. Ka samu kawunka ka faɗa masa kai tsaye, ko da zai fara da faɗa, domin halinmu ɗaya da shi.

Ba a daɗe ba Ishaya ya fara yin tasa waƙar. Sukan haɗa rediyo biyu a ɗakin Sunday, ɗaya yana buga gangar, ɗaya yana ɗaukar muryarsa. Wata Lahadi bayan mun taso daga sujada ya kunna wa abokansa a tsakar gida, ni ina gefe ina dakan yaji. Wannan karon na ji komai, don da Hausa ya yi, da ɗan Turancin tasha a tsakani. Ya ce a tasha babu mai kaiwa ga furfura. Ya ce hannu ɗaya yana riƙe da ƙarfen ƙofa, ɗaya yana riƙe da ransa. Ya ce mutuwa ma kwandasta ce, ba ta barin kowa ya sauka bai biya ba. Duk na daure. Sai ya zo wurin da yake cewa ranar da ya faɗi kada a wahala neman motar kai shi ƙauye, a binne shi a bakin titi inda zai riƙa jin ƙarar bas. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zare kaset ɗin na aza a kan dutse na sauke masa taɓarya, a gaban abokansa. Na ce baki shi ke yanka wuya, ba a cikin gidana za a kira mutuwa da tsakar rana ba.

Ya durƙusa yana tattara ɓaraguzan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Waƙa ce fa, Mama. Ba ni kaɗai nake nufi ba." Washegari na ja shi wurin fasto aka yi masa addu'a. Ya durƙusa, ya ce amin, domin yaro ne mai ladabi. Na dawo gida ina jin na yi abin da uwa ta gari za ta yi.

Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, a duk unguwar nan ni ce ya kamata in fi kowa gane waƙar. Kakata, uwar babana, ita ce mai kukan makoki a ƙauyenmu tun kafin eklesiya ta yi ƙarfi. In an yi rasuwa takan zauna a ƙofar ɗakin mamacin ta yi waƙa da bakinsa. Takan ce na tafi, na bar gonata ba a nome ba, wa zai ba awakina ruwa, wa zai rufe mini rumbu. Da "ni" take yin kukan duka, amma babu wanda ya taɓa cewa tana kira wa kanta mutuwa. Ta rayu har haƙoranta suka zube ƙaf. Kuma kukan yana da doka. Ba a barin ta ita kaɗai, duk abin da ta faɗa mata suna yi mata amshi. In ta gama, babbar mace a wurin takan kira ta da sunanta na yanka, ta miƙa mata ruwa a ƙwarya, ta ce ki dawo cikinmu. Tsofaffi sukan ce in ba a yi haka ba, kukan yakan zauna wa mai yin sa a ƙirji. Ina yarinya ni nake bin ta da ƙwaryar.

A shekarar nan Ishaya ya binne abokan aikinsa biyu. Ɗaya ya zame daga ƙofar bas a kan hanyar gada, ɗaya kuma aka soke shi a faɗan tasha. Na sani, har gaisuwa na je wa uwar ɗayansu. Su ba a yi musu wani makokin kirki ba, washegari kowa ya koma lodi. Yayanka ya ɗauki aikin kakata bai sani ba, yana yi wa 'yan tasha kuka da bakinsu. Abin da yake bukata daga wurina amshi ne da ƙwaryar ruwa, ni kuwa na ba shi taɓarya. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farin nauyi.

To ka ji fassarar farko, ka riƙe ta. Waƙar da kake ɗauke da ita kukan makoki ce. Kai ka ɗauke ta kirari, ni na ɗauke ta la'ana, mu duka mun kauce. In ka ji mutum yana ambaton mutuwa a waƙa, kafin ka tafa masa ko ka tsawata masa, ka fara tambaya wa ya rasa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san cewa rikici ne ya tashi a tasha a kan wanda zai yi lodi, kuma aka buga wa yayanka ƙarfe. Ka san wani direba ne ya zo ya ɗauke ni daga Kudenda ina cikin zuba wa ma'aikata abincin rana. Abin da ba ka sani ba shi ne na same shi da rai a asibiti, kuma yana magana. Ya kama bakin zanena ya nannaɗe a hannunsa, yadda yake yi yana ɗan yaye in zan tafi kasuwa. Ya ce, "Mama, ina jin tsoro. Kada ki fita." Ban fita ba. Ya roƙi ruwa, ma'aikaciyar jinya ta ce kada a ba shi domin za a shiga da shi tiyata. Na tsoma yatsa a kofi na jiƙa masa leɓe. Iyakar ruwan da na samu na ba shi ke nan, kuma ba a kai ga shiga da shi ba.

Wurin zaman makoki babanka ya gaya wa mutane cewa yaron ya tafi cikin salama. Matan zumuntar majami'armu suna ta waƙa, ni kuma na gyaɗa kai. Mun ga kai yaro ne, muka ce kada mu ɗora maka abin da mu ma ya fi ƙarfinmu. Daga nan muka rufe bakinmu, ko sunansa ba ma ambata sai a addu'a. Muka bar ka kai kaɗai da kaset, ka yi wa kanka fassara, ka gina wani Ishaya wanda bai san tsoro ba. Wannan kuskure na uku ni da babanka muka yi shi tare, amma ni na fi laifi, don ni ce na ji da kunnena.

Ɗana, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Yayanka namiji ne, ya ciyar da gidan nan lokacin da babanka yake zaune, kuma ya ji tsoro. Ban ga abin kunya a ciki ba. In faɗa ya tashi a inda kake, ko da abokinka ne a tsakiya, ka nemi ƙofa. A kira ka matsoraci, ni na yarda, ni ce uwar matsoracin. Kada ka yi lilo a ƙofar manyan bas ɗin Legas don a ce ka iya gari, ka jira wadda za ka samu wurin zama ko da za ka makara. Duk wanda ka ji yana cewa shi ba zai kai tsufa ba, kuma yana faɗa yana dariya, kada ka tafa masa. Ka ja shi gefe ka tambaye shi ko ya ci abinci.

Bayan wasu watanni na kasa zama. Na ɗauki kaset ɗin Amurka da ya rage a cikin kayansa na hau mota zuwa Barnawa. Sunday da ya gan ni a ƙofa sai ya ja da baya, yana tsammani faɗa na zo yi. Na ce masa ya kunna, ya gaya mini abin da mutumin yake faɗa, tambayar da na ƙi amsawa ce na kawo. Ya ce, "No wahala, Mama." Ya riƙa kunnawa yana tsayarwa yana bayani. Ashe wani baƙin mutum ne yake ba da labarin unguwarsu. Ba aikin yi, gidajen haya sun lalace, iyaye maza suna zaune, yara sun bar makaranta sun koma bakin titi, 'yan sanda na bin su, kuma yau a binne wannan gobe a binne wancan. Na ce ashe har a can ma akwai irin Kakuri bayan masaƙa ta sallami ma'aikata. Na yi kuka a falon mutane, a ƙarƙashin fankarsu.

Da na share hawaye na tambaye shi ko mai waƙar ya mutu. Ya ce a'a, yana nan da ransa, ga ma hotonsa a jikin kwalin. Na karɓa na duba da kyau. Mutum ne kumatu cike, da sarƙa a wuya mai kaurin igiyar ɗaure akuya. Na ce to Allah ya ƙara masa lafiya, shi ma makokin unguwarsu yake yi, kuma ya iya. Sai dai ka lura da wannan, Habila. Ya gama lissafa matattunsa ya koma gida ya ci abinci. Bai bi su ba, kamar yadda kakata ba ta bi kowa kabari ba. Yaran da suke jin sa a bakin titi ne suke ɗauka cewa hanya yake nuna musu.

Zan tashi ke nan sai Sunday ya shiga ɗaki ya fito da wani kaset. Ya ce a makon da na fasa na farin Ishaya ya dawo suka sake ɗauka, ya bar shi a wurinsa ya ce a ajiye sai Mama ta huce. Shi ne wanda ke cikin safarka yanzu. Na kawo shi gida na ji sau ɗaya, na sa a ƙasan akwatina. Daga baya ya ɓace daga akwatin, na yi kamar ban lura ba.

Ɗakinka da nawa bango ɗaya ne, kuma bangon gidan haya ba ya riƙe asiri. Na daɗe ina jin yadda kake sauraronsa. Kullum in ya kai wurin a binne ni a bakin titi sai ka danna ka tsayar, ka zare kaset ɗin, ka sa biro kana juya shi baya don kada batir ya ƙare, ka sake farawa. Ban taɓa jin ka bar shi ya wuce nan ba. Na san ka taɓa jin ƙarshen ko da sau ɗaya ne, kuma na san abin da ya sa ba ka son sakewa, don ni ma ban iya ba. Amma tunda ka ƙi ji, bari in rubuta maka. Bayan wannan wurin gangar takan tsaya. Sai ya kira sunayen abokansa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan da muryarsa ta gida, wadda yake tambayata sabulu da ita, ya ce, "Mama, waƙa ce. Ki rufe mini tuwona, zan dawo." Ana jin dariyar Sunday a baya, sai ƙarar maɓalli.

Wannan bai kasance a kaset ɗin da na fasa ba. Domina ya ƙara shi, ya amsa mini faɗan da na yi masa, ni kuwa ban ji ba sai da ƙasa ta rufe shi. Ka gaya mini, wanda ya shirya mutuwa yana cewa a rufe masa tuwo? Yayanka yana so ya dawo gida kowace yamma, yana so ya yi furfurar da ya ce ba a yi a tasha. Shi ya sa ban bi maganar bakin titi ba. Muka nemi mota muka kai shi ƙauye, yana kwance kusa da kakata, kuma ban yi da-na-sani a kan wannan ba.

Ban ce ka jefar da kaset ɗin ba, muryar ɗan'uwanka ce, kuma na gama fasa abubuwa. In ma kana so ka yi taka waƙar, ka yi, ka aiko mini, zan ajiye shinkafa in saurara. Abu ɗaya nake roƙonka. In ka samu wuri ka natsu a gidan kawunka, ka sa sabon batir, ka ajiye biro, ka bar kaset ɗin ya kai ƙarshe. In kuka ya zo ka yi, ba wanda ya san ka a Legas balle ya yi maka dariya. Shekarun nan duk kai kake ɗauke da kukan Ishaya kai kaɗai a bayan bango, ina ji, ban yi maka amshi ba. Takardar nan ce amshina, ta makara amma ta zo. In ka gama ka tashi ka ɗebi ruwa ka sha, ka ɗauka ni na miƙa maka.

Habila, na kira ka da sunanka. Ka dawo cikinmu.

Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. Ka nemi majami'ar da ake waƙa da Hausa, ka riƙa rubuto mana ko layi biyu ne. Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ka a kan titi da wurin aiki, ya ba ka tsawon rai har in ga furfura a kanka ko da idona ya dushe. Kwanonka mai shuɗin murfi na wanke na ajiye a kan kanta. Na gaya wa babanka kada kowa ya ci abinci a ciki.

Ni ce mamarka,
Rifkatu.